Kawu Ya Tafi Ya Bar Ɓarawo a Gida

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu da hantsi a ɗakin aikinsa da ke Liman Abaji, zaune a kan kujerarsa, kwamfuta a kunne a gabansa. Ba jinya, ba sallama. Kafin la'asar maza sun kai shi sun dawo.

Ina cikin mata a tsakar gida, amma kunnena yana waje, don rumfar maza a jikin katangarmu aka kafa ta. Na ji limamin unguwa yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam. Mutumin da ko lokutan salla aka liƙa a masallaci, sai ya fita ya dubi inuwa da idonsa." Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, irin ta gidan makoki. Mai shagon kayan kwamfuta na bakin titi, wani ɗan ƙabilar Ibo da ya tsufa a Keffi, ya karɓe da Hausarsa: "Baban nan shekara da shekaru yana sayen kaya wurina, bai taɓa yarda da ni ba. Ko wayar caji ya saya, sai ya gwada a gabana. Amma Allah, in sati ya wuce ban gan shi ba, shago ba ya mini daɗi." A cikin gida kuma wata tsohuwa ta gyara mayafi ta ce, "Allah sarki, mai zargi ya tafi. Ko tuwo aka ajiye masa sai ya tambayi wa ya tuƙa."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mutum ko kwana bai yi a ƙasa ba, abin da aka fara tunawa da shi ke nan? Sai dai ba ƙarya suka yi masa ba. Kawu mai zargi ne na gaske. Abin da ba su sani ba shi ne me yake zargi, kuma saboda wa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, kada a binne shi da rabin labarinsa.

Kawu yana cikin mutanen farko a danginmu, kai, a unguwarmu ma, da suka taɓa kwamfuta. Ya yi aikin gwamnati yana rubuta manhaja da yaren kwamfuta na COBOL tun lokacin da kwamfuta ɗaya take cika ɗaki. Da ya yi ritaya ya dawo gida Keffi, ya gyara ɗakin da ke kusa da zaure, ya ci gaba da abinsa. A wannan ɗakin na koyi sana'ar da nake ci da ita yau. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, Uwata yake ce mini, ko yana yabo ko yana faɗa.

A gabansa yarukan kwamfuta suka yi ta zuwa suna wucewa, kuma ba wanda ya yi wa maraba. Duk sabon yaren da na zo masa da labarinsa ina rawar jiki, tambaya biyu yake yi: "Wa ya haife shi? In ya mutu, wa zai riƙe marayunsa?" Da Java ta zo, ya ce surutunta ya yi yawa. Python kuwa ya koye ta da furfurarsa, ya iya ta fiye da ni, amma kullum cikin mita. "Yaren da ba ya tambayarka ko wannan lamba ce ko suna ne? Komai ka ba shi sai ya ce to, kamar sabon ɗan aiki. Sai ka juya baya ka ga abin da ya yi maka."

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne kayan haɗa manhaja na zamani, waɗanda za ka danna sau ɗaya su jawo maka ayyukan wasu mutane daga intanet su ɗinke da naka. Ranar da na fara nuna masa, sunaye suna ta gudu a allon kwamfuta, sai ya riƙe mini hannu. "Tsaya, Uwata. Wannan da ya shigo yanzu ɗan wa ne?" Na ce ban sani ba, Kawu, kowa haka yake yi. Ya ce, "To madalla. Kin buɗe ƙofa kin ce duk mai wucewa ya shigo ya kwana." Ya sa ni na zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muka kori fiye da rabi. Na ji haushi ranar, har na ƙi cin abincin gidan.

Amma babban abin da aka san shi da shi a cikinmu, masu sana'ar, shi ne maganar gwaji. Ga wanda bai sani ba: in ka rubuta manhaja, kana rubuta wasu ƙanana a gefe da aikinsu kawai su duba babbar. In komai daidai ne su nuna kore, in da matsala su nuna ja. Mu yara kore muke so. Kawu kuwa in ya ga kore fuskarsa take canzawa. Maigadi yake kiran gwaji. "Maigadi ya ce miki lafiya aka kwana. To lafiyar ce, ko barci ya yi? Ba za ki sani ba sai kin tura masa ɓarawo da kanki."

Kuma turawa yake yi. Sai ya shiga cikin manhajar da ke aiki lafiya lau, ya ɓata wuri ɗaya da gangan, ya juya alama ko ya canza lamba, sannan ya saki gwaji. In ya yi ja, ya yi murmushi ya mayar da abin yadda yake. In ya yi kore, to maigadi ya shiga uku, sai an sake shi. Yana da ƙa'ida a kan wannan da bai taɓa karyawa ba. Kafin ya sa ɓarawon, sai ya cire agogon hannunsa, wani tsoho mai sarƙar ƙarfe, ya kife shi a hagun kwamfuta. Muddin agogon nan yana kife, ba ya cin abinci, ba ya ɗaga waya, ba ya tashi daga kujera. Sai ya fitar da ɓarawon sannan ya ɗaura. Na taɓa tambayarsa me ya sa, ya ce, "Kan mutum ba abin yarda ba ne, Uwata. Nawa ma."

Kada a ɗauka mutum ne mai tsanani kawai. Lokacin da na sami aikina na farko a Abuja, manhajar da aka ba ni ta ƙi haɗuwa ana gobe za a nuna wa masu ita. Na kira shi ina kuka kamar yarinya. Sai ya shiga motar haya ya zo. Ba su bar shi ya shiga ofis ba, muka zauna a kan benci a gindin bishiya. Ko sau ɗaya bai taɓa kwamfutar ba. Tambayoyi kawai yake yi, yana ɓare gyaɗa yana miƙo mini, har na gano matsalar da kaina. Da zai tafi ya ce, "Kada ki gaya musu na zo. Ai ban yi komai ba."

Wanda bai ji daɗin halinsa ba shi ne babban ɗansa, taubashina, wanda shi ma sana'ar ya bi, kuma gwani ne, wannan ko ni da muke tsokanar juna ba zan hana shi ba. Kawu yana ce masa Injiniya, rabi yabo rabi zolaya. Wata Sallah ya zo gida da aikin da yake alfahari da shi, ya buɗe wa babansa, gwaje-gwaje jere reras, duk kore. Ya ce babu lungun da ba su duba ba. Kawu ya cire agogo. A gaban idon ɗan nasa, da ni a tsaye, ya juya alama ɗaya ya saki gwajin. Kore. Ya mayar, ya ɓata wani wurin. Kore.

Taubashina ya rufe kwamfutar da ƙarfi. "Baba, ba wanda yake aiki haka yanzu. Akwai manhajar da take yin wannan da kanta."

"Ita kuma wa yake gwada ta?"

"Kai dai ba ka yarda da kowa ba. Har ɗan da ka haifa."

Kawu ya ce, "Da kai na yarda, Injiniya. Maigadinka ne ban yarda da shi ba." Amma taubashina ya riga ya fice, ban jin ya ji. Ya daɗe bai taka Keffi ba, gaisuwa sai ta waya, ita ma ta hannun mahaifiyarsa.

Abin da ya sake haɗa su wata nas ce, 'yar ƙabilar Eggon, mai ƙaramin asibitin mata da yara a unguwar Yara, kowa Sista yake ce mata. Ita ta karɓi haihuwar rabin jikokin gidanmu. Ta roƙi Kawu ya yi mata manhajar da za a sa nauyin yaro ta faɗi yawan maganin da za a ba shi, don ma'aikatanta suna shan wahalar lissafi in layi ya yi tsawo. Ya yi mata kyauta. Sannan ya kira ɗansa ya ce, "Ina da aiki, ba ni da maigadi. Za ka rubuta mini?" Duk wanda ya san Kawu ya san wannan ban haƙuri ne, iyakar wanda zai iya. Taubashina ya karɓa. Uba yana rubuta manhaja, ɗa yana rubuta gwaji, aka yi ta amfani da ita lafiya. Daga baya Sista ta nemi a ƙara mata jarirai sababbin haihuwa, kuma a kan wannan ƙarin Kawu yake har ranar da ya cika.

Washegarin rasuwar, Inna, matar Kawu, ta aike ni ɗakin in ɗauko mata carbinsa. Ta ce ba ta bari an taɓa komai ba. Na shiga, ƙamshin turarensa yana nan, hularsa a rataye. Sai idona ya faɗa kan teburin. Agogon yana hagun kwamfuta, a kife. Na fita, na sake komowa na duba, kamar zai juya da kansa.

Wannan shiga da fitar ita ta jawo mini magana. Kafin azahar goggonnina sun fara kallona ta gefen ido. Na ji ɗaya tana ce wa 'yar'uwarta, "'Yar ƙanwa ce fa, ba 'ya ba. Me take nema a ɗakin mamaci tun ba a yi uku ba? Takardun gida dai suna ciki." Da ba makoki ake ba, da ta ji amsa.

Ana haka Sista ta zo gaisuwa, idonta jajir. Taubashina ya shigo tsakar gida ya karɓi gaisuwarta, sai na ji yana ce mata, "Sista, aikin jariran nan Baba ya gama shi. Na leƙa allon kwamfutarsa da safe, komai kore. Gobe in an yi addu'ar uku zan zo in sa miki da hannuna. Aikinsa na ƙarshe ne, ina so ladan ya fara isa gare shi."

Na ce, "Yaya, ba za a sa ba."

Ya dube ni kamar bai san ni ba. Na ja shi zuwa ɗakin, Sista ta biyo mu, na nuna masa agogon.

"To sai me?" in ji shi. "Alwala zai yi ya cire."

"A kife? A hagu?"

"Ke, ki ji tsoron Allah. Mutum ya rasu, kina so ki ce ya bar aiki a lalace? Tun safe mata suke maganarki, na ce a bar ki. Ko so kike a ce ke kaɗai kika gaje shi, ni ban san aikin ubana ba?"

Maganar ta yi mini zafi, wallahi ta yi. Na ce, "Ka riƙe gadonka, ba na so. Jariran mutane za a ɗura wa abin da wannan kwamfutar ta faɗa. Mu je mu tambayi Inna."

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙuryar ɗakinta, ta fara takaba. Ɗanta ya durƙusa ya tambaye ta ko Baba yana cire agogo in zai yi alwala. Ta ce, "A aljihu yake sa shi." Sannan ta ci gaba. "Na kai masa koko da safe. Bai dube ni ba, ya ɗaga mini hannu. Na ga agogon a kife, na san akwai ɓarawo a gida, na koma da kayana. Na zauna ina jira ya kira ni, yadda ya saba. Kokon ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa. Da ban ga agogon nan ba, da na leƙa da wuri." Sista ce ta matsa ta riƙe mata hannu.

Muka koma ɗakin aikin, ni da shi, bai ce mini yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Da a ce Kawu ya adana aikinsa a ma'ajiyar intanet inda shi da ɗansa suke haɗa aiki kafin ya sa ɓarawon, da dubawa ɗaya za ta nuna mana abin da ya canza. Amma ya yi kwanaki yana gyare-gyare bai tura ba, don bai yarda ya tura abin da bai gama zarginsa ba. Saboda haka ɓarnar ganganci tana cakuɗe da gyaran gaskiya, layi bayan layi, kuma duk gwajin da muka saki kore yake ba mu. Ban taɓa tsanar wata kala ba kamar yadda na tsani kore a wannan yammacin.

Muka raba, yana karantawa ina bi. A waje ana ta sallama ana ta fatiha, mu muna ciki muna zargin kowane layi da mamacin ya rubuta. Sau da yawa sai na ce ga shi, mu duba, ashe daidai ne, Kawu ne kawai da salonsa na mutanen da. Can taubashina ya fara cewa, "Wataƙila ya fitar da shi, bai kai ga ɗaura agogon ba." Ni ma zuciyata ta so ta yarda. Aka kira la'asar, muka yi salla, muka dawo.

Taubashina ne ya ga ɓarawon. Ya sa yatsa a kan allo. Manyan yara da kilo ake shigar da nauyinsu, jarirai kuwa da giram, don haka akwai layin da yake raba nauyin jariri da dubu kafin a yi lissafin magani. A layin, ɗari aka rubuta. Sifili ɗaya Kawu ya cire. Gwaje-gwajen kuwa duk da nauyin manyan yara aka rubuta su, babu ɗaya da ya taɓa ɗaukar jariri, shi ya sa maigadi bai ko motsa ba.

Na miƙa hannu zan gyara, ya buge mini shi. "Kar ki taɓa."

Ya jawo kwamfutar gabansa ya fara rubuta sabon gwaji. Da ya zo wurin sa nauyi ya tsaya, ya dubi ƙofa. Matarsa tana tsakar gida da jaririyarsu a goye, ana jin 'yar muryarta daga nan. Ya rubuta nauyin da aka auna ta da shi ranar da aka haife ta, a ka yake da shi. Ya leƙa ya kira Sista, ya tambaye ta abin da ya kamata a ba jaririya mai wannan nauyi, ta faɗa, ya rubuta. Sannan ya saki gwajin.

Ja.

A ƙarƙashin jan, kwamfutar ta nuna abin da manhajar za ta ce a ba yarinyar. Sista ta sunkuya ta karanta, ta dafe ƙirji. "Yesu! Wannan ai ba magani ba ne. Ni zan gane, amma sabuwar yarinyar da na ɗauka, in layi ya cika, abin da ta gani za ta zuba."

Tun da aka yi rasuwar ban ga hawayen taubashina ba. Shi ya yi wa babansa wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, aka ce ko gezau bai yi ba. A gaban wannan jan ya kifa kai a kan tebur ya yi kuka irin na yara. Na bar shi ya yi. Can na ce, a hankali, "Yaya, sa sifilin mu tashi. Mutane suna jiranka a waje."

Ya ɗago, ya kai yatsa kan maɓallin, ya kasa dannawa. "Nan ne wurin ƙarshe da hannunsa ya taɓa," in ji shi. "Yana zaune a nan yana kallon koren nan nawa. Da ya daɗe kaɗan, kirana zai yi ya yi mini faɗa." Ya share fuska da hannun riga. "Wallahi da na ɗauka. Ko me zai ce, da na ɗauka."

Ya danna.

Ya Allah, ga bawanka nan ya zo maka, bai taɓa yarda da aikin hannunsa ba, da rahamarka kaɗai ya yarda. Kada ka bincike shi yadda ya binciki kansa. Ka yafe masa, ka ba Inna haƙuri, ka raya jariran da bai sani ba.